Fagen Ilimi: Murjani na gaske da na ƙarya

A kasuwannin Tasawa da Mayahi, uwar amarya takan saida tunkiya don ta sayi murjani, wani lokaci kuma kwalba ko roba ake ba ta.

Murjani na gaske ba dutsen ƙasa ba ne. Ginin wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne, farare, masu hannu 8, da ke cikin tekun Bahar Rum, wajen Italiya, Tunisiya da Aljeriya. Suna tsamo sinadarin alli daga ruwan teku, irin na ɓawon ƙwai, su jera shi ƙwaya bisa ƙwaya, kamar magini da tubali. Ido ba ya ganin ƙwayoyin nan sai da madubin bincike mai ƙarfi. Aikin na da nawa ƙwarai: a shekara guda, kaurin reshe ba ya ƙaruwa da milimita 1. Dalilin tsadarsa ke nan.

Mai saye ya ɗiga ruwan lemun tsami a bakin hudar. Na gaske yakan yi ƴar kumfa, kwalba da roba kuwa ko gezau. A goge nan take, don tsami na cinsa.

Amma a kula, ɓawon katantanwa da aka rina shi ma yana kumfa. Sai a leƙa cikin hudar: jan murjani ja ne har ciki.