Keken ɗinkin farko na yaro: a sayi na ƙarfe, a fara da na hannu

Duk lokacin da dogon hutun makaranta ya ƙarato, iyaye da yawa a nan Alkalawa sukan fara shawarar sa yaransu koyon ɗinki, daga nan kuma sai maganar sayen keke ta taso. Kuɗin keke yanzu sai an yi tari ko adashi kafin a haɗa shi, don haka bai kamata a kashe shi sau biyu ba. Ra'ayina shi ne, yaro ko yarinya mai shekara 8 zuwa 12, baƙin keken nan na ƙarfe da iyayenmu mata suka yi amfani da shi, Butterfly ko tsohon Singer, shi ya fi dacewa, kuma a fara da na hannu.

Akwai ƙananan kekuna na roba masu aiki da batir da ake tallatawa a intanet. Suna da kyan gani, kuma ba su da tsada, amma araha ba ta ado. Da yawansu da zare ɗaya suke ɗinki, babu na ƙasa, da an ja bakin zaren sai ɗinkin ya warware. Ba sa iya huda yadi mai kauri, idan haƙorin roba ya karye a ciki kuma an yi asara ke nan, domin samun madadinsa aiki ne. Yaron da ya wuni yana fama da keken da ke tsinka zare zai ɗauka shi ne bai iya ba, sai sha'awar ta fita daga ransa.

A ɗaya gefen kuma, wasu masu hali sukan ce gara a sayi babban injin lantarki irin na shagon teloli tun yanzu, a huta. Irin su Juki na ƙasar Japan, wani yana iya ɗinki sama da 5,000 a minti ɗaya. Kafin yaro ya ɗaga ƙafa, allura ta shiga yatsa. Ga kuma matsalar wuta da kowa ya sani: ranar da babu ita, babu darasi.

Baƙin keken ƙarfe kuwa tare da yaro yake girma. Kan keken guda ɗaya ne, yau a juya shi da hannu, idan ƙafar yaro ta kai a ɗora shi a kan teburi da bel ya koma na ƙafa, gaba kuma a sa masa ƙaramin moto. Allurarsa, kwarkwaronsa, bel da man keke duk ana samunsu a Kasuwar Zamani ta Jimeta, masu gyaransa kuma ba sai an yi tafiya mai nisa ba. Ko yaron ya fasa koyon, keken yana nan da darajarsa, uwa ta yi amfani da shi ko a sayar.

Wasu teloli suna cewa keken hannu yana cinye hannu ɗaya, ya bar yaro da ɗaya kawai wajen riƙe yadi, don haka gara na ƙafa. Maganarsu tana kan hanya ga wanda ya tasa. Amma ƙaramin yaro wanda ƙafarsa ba ta kai feda sosai ba, yakan juya keken baya, zare ya cukurkuɗe. Da na hannu, shi ke da iko da gudun allura, yana tsayawa ta tsaya.

Ranar sayayya a tafi da tela ko mai gyaran keke da aka yarda da shi, musamman idan wanda aka yi amfani da shi za a saya. A riƙo ƙyallen atamfa da na shadda, a ɗinka a gaban mai kaya, a duba sama da ƙasan ɗinkin ko sun daidaita, a saurari ƙarar keken. Tsohon keke mai lafiya sau da yawa ya fi sabon da aka yi wa fenti da suna kawai.

Kafin duk wannan, a ba yaro allura da zare na wata ɗaya ko biyu, ya sa maɓalli, ya yi kalmasa, ya zauna wurin tela bayan an taso Islamiyya. Idan ya jure, ya cancanci keke. Sannan kada ɗinkin Sallah ya sa a riƙa hana shi zuwa makaranta, domin telan da bai iya lissafi ba, shi ke ɓata yadin mutane wajen awo da yanka.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su sana'a mai amfani. Amin.