Ciwon Bayan Da Ke Ramar Da Mutum Ba Na Mai Ɗori Ba Ne

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa na Talata Mafara da Bakura da Maradun kan wani ciwo da ke kwantar da mutanenmu a ɓoye, wato tarin fuka na ƙashin baya.

Galibinmu in aka ce tarin fuka, tari kawai muke saurare. To, ƙwayar cutar takan tashi daga huhu ta bi jini ta sauka a ƙashin baya, ta riƙa cin sa a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Mutum na iya ɗauke da shi bai yi tari ko sau ɗaya ba. Abin da za a gani shi ne ciwon baya na wata da watanni wanda ko an huta ba ya sauka, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, abinci ba ya ciyuwa, mutum sai ramewa. In an bar shi ƙashin ya rufta, ƙusumbi ya fito. Wani ma sai kumburi mai ruwa ya fito masa a baya ko a matsematsi, ba ya zafi. Daga nan ya danne laka, ƙafafu su mutu, har fitsari ya gagara riƙuwa.

Abin da ke yaudararmu shi ne ciwon baya abokin manomi ne. Wanda ya wuni a duƙe yana dashen shinkafa a gonakin Bakolori, ko ya wuni yana ɗora buhu ran Talata a kasuwar Mafara, in ya ce bayansa na ciwo wa zai kula? Sai a saya masa ƙwaya a kemis, a kira wanzami ya yi ƙaho, in ƙusumbi ya fito a ce sammu ne ko a tafi wurin mai ɗori. Ni ban raina masu ɗori ba, amma wannan ba karaya ba ce, ƙwayar cuta ce a cikin ƙashi. Murza bayan da ƙashinsa ya riga ya ci, wallahi ganganci ne, yana iya kashe ƙafafun nan take.

Maganin yana asibitin gwamnati kuma kyauta ne. Sai dai na huhu wata 6 ake sha, na ƙashin baya kuwa wata 12 cur: wata 2 na farko magani huɗu a haɗe, sauran wata 10 magani biyu, kullum da safe ba fashi. Fitsari zai yi ja-ja, wannan aikin maganin ne, kada a tsorata. Amma in ido ya yi ɗorawa, ko gani ya fara dishi-dishi, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti ran nan. Da yawa waɗanda ƙafafunsu suka fara sanyi suna miƙewa da magani kaɗai in an kai su da wuri. Wasu sai an yi aiki a babban asibiti kamar na ƙashi da ke Dala a Kano. Ƙusumbin da ya riga ya fito dai magani ba ya mayar da shi.

Inda ake faɗuwa shi ne wata na uku ko na huɗu. Ciwo ya lafa, jiki ya fara dawowa, damina ta kama, sai mutum ya ajiye magani ya ɗauki fartanya. Na ga haka a ƙauyenmu, kuma ciwon ya dawo ya fi na farko. Ƙwayar da aka yi wa rabin magani takan ƙi jin maganin daga baya. Don Allah iyali su tsaya: a sami mutum ɗaya a gida da zai riƙa ba shi maganin da hannunsa, 'yan'uwa su yi masa gayya a gona, a hana shi ɗaukar kaya mai nauyi sai likita ya yarda, a ba shi wake da ƙwai da ganye gwargwadon hali. Kuma a daina gudunsa. Na ƙashi ba ya yaɗuwa, sai in huhu ma ya kamu, shi ya sa ake gwada majina.

Kirana ga Gwamna Dauda Lawal da Ma'aikatar Lafiya a Gusau shi ne, magani kyauta ne amma hoton baya da kuɗin mota daga aljihun talaka suke fita. Ga hanyoyinmu yadda 'yan bindiga suka mayar da su. Mutumin ƙauyen Maradun da ba ya iya zama a kan babur, ta yaya zai riƙa zirga-zirgar karɓar magani shekara guda? A mayar da hoton baya kyauta ga duk wanda likita ke zargin wannan ciwo, a kuma kai maganin ƙananan asibitocin ƙauye yadda ɗan'uwan majinyaci zai karɓo masa a ƙafa. Limamai da hakimai su ma su taimaka da sanarwa ran Juma'a.

Mai neman bayani ya buga 3340, kiran kyauta ne.

Naka,
Wani manomi ɗan kasuwa,
Bakura, Jihar Zamfara.