Bakwaini: Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Ƙarshen Amana Ba



Bara matar ƙanina ta haihu a Maigatari, cikinta yana mako 28 kacal. Aka garzaya da jaririn asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da masu haihuwa tun 2008. Allah Ya raya shi. Ranar da aka sallamo su muka yi murna, muka yanka rago, daga nan kowa ya saki jiki. Takardar komawa asibiti kuwa ta shige ƙarƙashin katifa.

Da ya kai wata tara bai fara zama ba, sai tsofaffin gida suka fara zancen iska da mayu. Wata ma'aikaciyar jinya a Gumel ce ta kwantar mana da hankali. Ta ce bakwaini lissafinsa daban ne: ana cire makonnin da ya rage a ciki. Yaronmu ya zo da saura mako 12, wato wata uku, don haka a girman jikinsa ɗan wata shida ne. Haka ake lissafa masa har ya kai shekara biyu. Rigakafi ne kawai ake bi da ainihin ranar haihuwarsa.

Amma ta yi mana faɗa, kuma da gaskiyarta. Irin waɗannan jarirai ana so a duba idanunsu wajen wata guda da haihuwa, domin jijiyoyin jinin ido ba su gama tsirowa ba, suna iya karkacewa su jawo makanta alhali da magani in an gano da wuri. A duba jinsu, a riƙa auna nauyinsu, a lura da ƙarancin jini. Mun yi sakaci, Allah Ya rufa asiri.

Malamanmu tun zamanin sahabbai sun fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne, har suka gina hukunci a kai. To don me mu za mu ɗauki rainon ɗan wata bakwai kamar na kowa?

Laifin a ganina namu ne maza. Mutum ba ya fashin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, amma kuɗin motar kai yaro asibiti sai ya ce a bari sai an ga alamar ciwo. Irin wannan matsalar ido da ta rashin ji kuwa ba sa sa jariri kuka. Yanzu takardar tana aljihun ƙanina, ni kuma nake tuna masa ranar.