Fim ya kawo shaida, kotu ba ta zauna ba

A ƙarshen yaƙin basasar Sri Lanka, wanda aka kammala a Mayun 2009, gwamnati ta hana 'yan jarida shiga fagen fama, bayan ta sa ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya ficewa tun Satumban 2008. Ta so a yi yaƙi babu idon baƙo. Sai shaida ta ɓullo daga aljihun sojojinta, waɗanda suka ɗauki bidiyon harbe fursunoni, tsirara kuma a ɗaure, da wayoyinsu don alfahari.

Waɗannan hotuna da na fararen hula 'yan ƙabilar Tamil da aka yi wa ruwan bama-bamai a asibitoci ne Callum Macrae ya tattara a fim ɗin Sri Lanka's Killing Fields, wanda tashar Channel 4 ta Birtaniya ta nuna a 2011, sannan No Fire Zone a 2013. Gwamnati ta ce ƙage ne, ƙwararrun Majalisar suka ce bidiyon kisan sahihi ne. Masu kiran aikin farfagandar 'yan tawayen Tamil Tigers kuwa sun kau da kai daga inda ya nuna 'yan tawayen suna fakewa a bayan jama'arsu.

Mai fim ya sauke nauyinsa, gazawar ta masu shari'a ce. Kwamitin Majalisar ya ce ƙila fararen hula 40,000 suka halaka, amma babu babban hafsa guda da aka gurfanar a kan haka. Gotabaya Rajapaksa, sakataren tsaro na lokacin, ya zama shugaban ƙasa a 2019. Wadda kotu ta ci tara ita ce Lena Hendry, a Maleshiya a 2017, saboda ta haska No Fire Zone ba da izinin hukumar tace fina-finai ba.