Nauyin Kwanso Ba Shi Ne Girman Cikinsa Ba

A Amurka akwai maharba masu gasa waɗanda ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe, su ne ke ɗura nasu da hannu. Sukan ɗora bindiga bisa tebur, abin harbin yana nesa da yadi 100 ko 200, burinsu kuwa harsashi biyar su bi ta kusan huda ɗaya. Saboda haka wasunsu kan zauna da sikeli suna auna kwanson harsashi ɗaya bayan ɗaya, suna ware masu nauyi iri guda. A ganina wahalar ta fi ribar yawa, kuma lissafin sakandare ya isa ya nuna haka.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Kwanso shi ne ɗakin da albarushi ke ƙonewa. Idan ɗakin ya ƙuntata matsi ya ƙaru, harsashi ya fita da gudu fiye da ɗan'uwansa, ya sauka wani wuri dabam. Kwanso mai nauyi, in ji su, bangonsa ya fi kauri, don haka cikinsa ya fi ƙunci.

To, mai karatu, ɗauko alƙalami. Kwanso gami ne na jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma wannan gami ya ninka ruwa nauyi kusan sau takwas da rabi. Ma'auninsu, wato giren, giram 0.065 ne. Kwanson .308 Winchester yana cin ruwa kimanin giren 56. Ƙarin giren 1 na ƙarfe zai tauye gurbin ruwa giren 0.12 kacal, wato kusan kashi 2 cikin 1,000. Wannan ma sai in ƙarin a bango yake. Yana iya kasancewa a gindi, wajen tsagin da ƙugiyar bindiga ke kamawa, inda bai shafi ciki ba ko kaɗan.

Masu lura sukan cika kwanson da ruwa su auna ruwan, wato su tunkari abin da ake nema kai tsaye. Wannan ya fi, sai dai ɗigon ruwa guda ya kusa giren 1, ya ninka bambancin da muka lissafa sau da dama. Hannu in ya yi rawa, awo ya ɓaci.

Saura gwaji. Maharbi ya ware kwansonsa, ya yi harbi biyar, ya ga sun taru, ya ce maganarsa ta tabbata. Harbi biyar kuwa bai isa shaida ba, domin iska kaɗai tana iya tara su yau ta watsa su gobe.