Kiwi a bayan gida? A dakata tukuna



Masu sha'awar dasa kiwi a gefen kejin kaji ko tankin kifi, ga ra'ayina: a ƙasa mai zafi irin tamu, kada ka zuba ɗan jarinka a nan.

Asalinsa daga ƙasar Sin yake, daga can aka kai irinsa Niyuzilan a 1904. Yaɗo yake yi kamar inabi, kuma sai ya sha ɗaruruwan awanni na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure sosai. Hunturunmu bai kai nan ba. Za ka yi ta ban ruwa, 'ya'ya shiru.

Sannan akwai namiji da mace, dole ka dasa duka biyun, ka kafa musu rumfa mai ƙarfi, ka jira shekara 3 zuwa 5. Kai da ke lissafin buhun abinci duk mako, ina kai ina wannan jira?

Ruwan tarwada da kake zubarwa, da kashin kaji da ya ruɓe, ba gwanda, ayaba ko zogale. Gwanda kam, wajen shekara guda ka fara tsinka.

Allah ya sa albarka a nema.