Karen da ke kwana a farke dominka, a ina yake kwanciya?

1/ Jiya na sa hoton ɗan gadon da kafinta ya haɗa wa karenmu, aka cika ni da dariya. Wani ya ce na zama Bature, wani ya ce mutane na gudun hijira ni ina lallashin kare. To ku matso, yau sai na amayar da abin da ke cikina. 🧵

2/ Sunansa Duna. Ƙato ne, in ya miƙe tsaye ƙafafunsa na gaba sai kafaɗata. Duk wanda ya kwana a ƙauyukan Anka, Gummi ko Bukkuyum a shekarun nan ya san darajar haushin kare da tsakar dare. Kafin waya ta yi ƙara, kafin ɗan sintiri ya busa usur, kare ya riga ya ji.

3/ Amma dubi sakayyar da muke masa. Ɗan guntun sasari, ƙasa tsurarta, rana ta dake shi da bazara, hunturu ya kaɗa shi, da damina ya kwana cikin caɓi. In ya ƙi haushi kuma mu ce ragon kare ne. Haba jama'a! Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

4/ Ni ma haka nake da, ba wai na fi kowa ba. Uwar Duna a gindin turke ta ƙare, gwiwoyinta duk kanta da gyambo, kaska ta cika mata kunnuwa. Babban kare nauyi gare shi, in kullum a tsandauri yake kwana gaɓoɓinsa ke biya. Sai da ta kasa tashi na lura. Har yau abin na cina.

5/ Sannan mu 'yan wanga yanki, wa zai koya mana cewa ƙasa na iya kisa? A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, saboda ana daka dutsen zinari a cikin gida. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje. Bagega ma sai 2013 aikin ya kai gare ta.

6/ Kun san abin da mutane suka fara gani kafin yara su soma faɗuwa? Agwagi ne suka riƙa mutuwa. Dabbar da ke rayuwa a ƙasa ita ke fara karɓa. Karen da ya yi birgima a ƙurar wurin niƙan dutse zai lashi jikinsa, ya kuma kwaso ta zuwa inda ƙaninka ke rarrafe.

7/ Yanzu ga yadda ake yi, ba sai da kuɗi masu yawa ba. Auna shi yana kwance a miƙe, daga hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara taƙi guda. Kafinta ya buga maka firam na katako, ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, a saƙa da igiya. Iska na bi ta ƙasa, ruwa na wucewa.

8/ Kar ka ba shi katifar soso. Zafi take riƙewa, ƙuma na ɓuya ciki, zai yayyage ta har ya haɗiye. Buhun algarara biyu sun isa: ɗaya a kai, ɗaya a shanya. Duk mako a wanke, a baza a rana. Kuma don Allah kar a zuba fiya-fiya a shimfiɗar, guba ce gare shi.

9/ Aje gadon a inuwa, inda yake hango ƙofa ko garke, da kwanon ruwa kusa. Da hunturu a kare masa iska da zana. A kai shi wajen malamin dabbobi a yi masa allurar haukan kare duk shekara.

10/ Masu cewa "ai kare najasa ne": ba na ce ka sa shi a ɗakinka ba. Amma je ka tambayi malaminku hukuncin kare mai rai a mazhabar Malikiyya, da halaccin riƙe shi don gadin dabbobi da gona, da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare.

11/ Mai maganar gudun hijira kuma, na ji zafinka, dangina na ciki. Sai dai buhu biyu da katako huɗu ba su rage wa kowa tuwo ba. Duna na daga cikin dalilan da suka sa tumakin tsohuwata ke nan har yau.

12/ Yau da dare ɗauki tocila ka leƙa inda naku ke kwana. In ka dawo, sai mu ci gaba da dariyar.